Ku Tambaya: 'Yata ta tara lambobin sama ta tara na ƙasa, malami ya soke mata

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Don Allah ki taimaka min, yarinyata tana aji biyar na firamare, an ba su aikin gida na firakshin wai 2 1/2 + 1 3/4, ta rubuta 3 4/6 malaminsu ya zabga mata jan biro. Ni kuma wallahi tun da na bar sakandare ban ƙara waiwayar lissafin nan ba, da na duba ma sai na ga kamar daidai ta yi tunda 1 da 3 huɗu ne, 2 da 4 shida. Ina kuskuren yake? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Maman yarinya sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, kin iya lissafin nan sarai, a takarda ne kawai ya rikiɗe miki. Da tela zai ce ki sayo yadi biyu da rabi na riga, yadi ɗaya da kwata uku na zani, ai ko biro ba za ki nema ba. Biyu da ɗaya uku, rabin nan kuma kwata biyu ne, ki haɗa da kwata ukun can sun zama kwata biyar, huɗu daga ciki sun cika yadi guda saura kwata ɗaya. Yadi huɗu da kwata kenan, wato 4 1/4, kuma ita ce amsar da malamin yake jira.

Inda ta kauce shi ne tara lambobin ƙasa. Na ƙasan nan ba adadi yake ƙirgawa ba, faɗa miki yake gida nawa aka yanka abin, shi ya sa ba a tara shi, sai dai a mayar da yankan biyu su zama iri ɗaya tukuna: 1/2 ya koma 2/4, sannan a tara na sama kaɗai, 2/4 + 3/4 = 5/4. Ki ma nuna mata da ido, 4/6 ɗin da ta samu bai kai 3/4 ba, to ta yaya za a ƙara rabi a kan kwata uku abu ya ragu? Ki yanka mata lemo ko burodi gida huɗu ta ƙirga da hannunta, ya fi dogon bayani shiga kai.

Gobe za su kawo miki wanda ya fi wannan taurin kai, irin 3 1/3 + 2 1/4, inda 3 ba ta shiga cikin 4. Nan sai a nemo ƙaramar lambar da duka biyun ke raba ta ba saura, abin da malamai ke ce wa LCM, a nan 12 ce. 1/3 ya zama 4/12, 1/4 ya zama 3/12, amsa 5 7/12. In tana tantama ku duba agogon bango, sulusin awa minti 20, kwata minti 15, jimla 35, hannun minti yana kan 7 cikin lambobi 12 ɗin nan cif. Af, dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, malaman rabon gado da ita suke aiki, in sumunin (1/8) matar mamaci ya haɗu da sudusin (1/6) mahaifiyarsa sai su kafa lissafin a kan 24, ita ta ɗau 3, uwa ta ɗau 4.

Wasu malaman suna koyar da wata hanyar, a narkar da komai ya zama 5/2 + 7/4, a samu 17/4, a raba a dawo 4 1/4. Daidai ce, amma ni ban cika son ta ga 'yan firamare ba, lambobi na kumbura yaro ya ɓata a wurin ninkawa. Sai dai ki leƙa littafinta ki ga wacce malamin ya yi musu a allo, don wani in bai ga tasa hanyar ba sai ya rage maki ko da amsar ta fito.