Da ƙafar ɗiyata za su koyi aiki?

Tambaya: Likita, ɗiyata shekararta 9, shan inna ya lanƙwashe mata ƙafar hagu, da rarrafe take yawo. An ce likitocin ƙashi daga Turai za su zo Maraɗi su yi aiki kyauta, amma na ji har da masu koyo a cikinsu. In kai ta? Daga wani uba a Tibiri.

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Abin da ka ji yana faruwa. Tun 2002 aka tabbatar Turai ta rabu da shan inna, don haka matashin likitansu zai iya gama karatu bai taɓa riƙe irin wannan ƙafa ba. A wajenmu yake ganinta. Ni ban ɗauki koyo laifi ba, kowannenmu a gaban babba ya fara riƙe wuƙa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar mai koyo shi kaɗai a kan yarinya.

Cutar tana kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka, kuma tiyata ba ta tayar da tsokar da ta mutu. Miƙe ƙafar ake yi: a saki abin da ya ɗaure ƙugu da gwiwa, a tsawaita jijiyar dunduniya, wani lokaci a ɗauko jijiyar wata tsoka mai rai a dasa inda babu. Haɗe ƙasusuwan sawu kuwa sai ta ƙara girma. Za a duba ƙarfin hannuwanta tukuna, tunda su za su riƙe sanda.

Inda nake jin tsoro shi ne bayan baƙin sun hau jirgi. Ɗaurin filasta yakan kai mako 6, sannan motsa jiki, sannan takalmin ƙarfe da za a riƙa sauyawa tana girma. Na taɓa karɓar yaron da aka yi wa aiki mai kyau, ba a yi masa takalmi ba. Ya dawo gwiwa ta sake lanƙwashewa, kantar rarrafe ta koma tafin hannunsa.

Ka kai ta, amma kafin ka sa hannu ka tambaya: wa zai yi aikin, wane babba ne zai tsaya a kansa, wane likitan gida ne zai cire filasta, ina za a ƙera takalmin? Ka karɓi takardar da ta faɗi aikin da aka yi. In amsoshin ba su kwanta maka ba, asibitin yara na CURE a Yamai yana irin wannan aiki, kuma yana nan duk shekara.