Kukis masu siffar zuciya: lemon tsami ba ya dafa ƙwai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na gasa kukis masu siffar zuciya saboda 'yata za ta cika shekara 3, ita da ƙawayenta ƙanana ne za su ci. A cikin oban suka baje, siffar ta ɓace. Na yi royal aisin, wato kwaɓin sukarin da ake yi wa kukis ado da shi, da ɗanyen farin ƙwai, ja da fari, na sa a firji don ya bushe da wuri, da safe na tarar jan ya malala cikin farin. Amma abin da ya hana ni barci shi ne ƙwan. Wata mai koyar da gashi a intanet ta ce muddin an matsa lemon tsami kuma sukari ya yi yawa, babu ƙwayar cutar da za ta rayu. Hankalina bai kwanta ba. In ba yaran?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, kada ki ba su. Gara da kika tambaya tun kafin ranar.

Bari mu fara sallamar masu sauƙin. Bajewar kukis yawanci daga bota take. Ko dai ta yi laushi da yawa, ko kin daɗe kina buga ta da sukari har ta sha iska, ko bekin foda ya yi yawa. Ki rage shi, ko ki cire shi gaba ɗaya. Ki murza kwaɓin ya kai kaurin milimita 6, ki yanka, ki mayar da farantin firji na minti 15 zuwa 20, sannan ya shiga oban mai zafin digiri 175 a ma'aunin Salsiyas na kamar minti 10 zuwa 12. Tsinin zuciyar ne ke fara yin ja, shi za ki riƙa kallo. Sai sun huce sarai kafin aisin ya taɓa su.

Malalar kala kuwa aikin firji ne. Royal aisin iska ke busar da shi, ba sanyi ba. Da kin fito da shi daga firji sai raɓa ta kwanta a kansa, sukari ya jawo danshin, kala ta narke ta bi. Ki bar su a buɗe gaban fanka na awa 8 ko kwana guda. Ki yi amfani da kala mai kauri ta jel, ki haɗa jan tun jajibere, domin in ya kwana yana ƙara nuna, ba sai kin zuba mai yawa har ya yi ɗaci ba. Ki bari farin ya yi ɓawo kafin ki ɗora jan.

Yanzu ga maganar ƙwan, wadda wallahi na gaji da maimaita ta. Kusan kullum sai wata ta zo mini da ita, kuma kowacce da malamarta ta intanet. Lemon tsami yana da aiki a cikin aisin: yana taimaka wa kumfar ƙwai ta tsaya, yana ƙara haske, yana rage gundurar zaƙi. Iyakarsa ke nan. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin rabin kilo na sukari da farin ƙwai 3 bai isa ya kashe Salmonela ba, wato ƙwayar cutar da ake iya samu a ɗanyen ƙwai. Tsamin da zai iya yi mata illa, in kika zuba shi, aisin ɗin ba zai ciyu ba.

Sukari kuma abin da yake yi shi ne riƙe ruwa, ya hana ƙwayar cutar hayayyafa. Hana ta ƙaruwa daban, kashe ta daban. Salmonela tana iya kwanciya watanni a cikin busasshen abinci mai zaƙi tana nan da ranta. A shekarar 2022 cutar ta bazu a ƙasashen Turai da dama ta hanyar cakulan da aka yi a wata masana'anta a Beljiyam, kuma yawancin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. Mene ne ya fi cakulan zaƙi da bushewa? In da sukari na kashe ta, da ba a kwantar da yaran nan a asibiti ba.

Sai masu cewa ai sun wanke ƙwan da sabulu. Wanki bayan ɓawo yake tsaftacewa. Akwai nau'in Salmonela da ke shiga ƙwai tun yana cikin kaza, kafin ɓawon ya samu. Ƙwan zai fito tas, ba tsaga ba wari, ba kuma abin da ido zai gani. Wasu kuma su ce sun sa kukis ɗin a oban mai ɗumi don aisin ya bushe, wai ya dahu ke nan. Ɗumi ba dahuwa ba ne. Ƙwai sai ya kai digiri 71 ake cewa ya tsira, kuma ɗumin busarwa ba ya tabbatar da hakan.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce mai cewa ta yi shekaru tana yi babu wanda ya taɓa ciwo. Ta yaya ta sani? Gaskiya ne yawancin ƙwai lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ake dacewa. Amma alamun cutar, wato gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki, suna fitowa ne daga awa 6 har zuwa kwana 6 bayan an ci. Uwar da ɗanta ya fara gudawa kwana uku bayan biki ba za ta tuna da kukis ba, balle ta kira mai gashi. Babba mai ƙarfi zai sha wahala na kwana 4 zuwa 7 ya miƙe. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5, da mai ciki, da tsoho, da mai raunin garkuwar jiki, su ne ruwan jikinsu ke ƙarewa da sauri, wani lokaci ma cutar ta shiga jini. Wanda duk ya ɗauki waya yana koyar da dubban mata, ya ji tsoron Allah, abin da ya faɗa cikin 'ya'yan mutane zai shiga. Iya zana fure a kan kukis bai mai da kowa masanin lafiyar abinci ba.

Mafita ba ta da wuya. Ki nemi hodar merang, wadda aka yi da busasshen farin ƙwai da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi. Babban cokali 3 na hodar, giram 450 na aisin suga, wato garin sukari mai laushi, ruwa babban cokali 5 zuwa 6, ki buga a kwano marar maiƙo ko kaɗan. Farin ƙwai na kwali da aka rubuta an tsaftace shi da zafi shi ma ya yi. In duk ba ki samu ba, ki haɗa kowane farin ƙwai da sukari babban cokali 2, ki ɗora kwanon a kan tururin ruwa kina motsawa ba tsayawa, har ma'aunin zafi ya nuna 71. Ma'auni fa, ba yatsa ba. Kuma kada ki bar yara su lashi ɗanyen kwaɓi, don ɗanyar fulawa ma tana ɗaukar ƙwayar cuta.

Waɗanda kika riga kika yi, kada ki kankare aisin ɗin ki ba su, danshin firji ya riga ya kai shi cikin kukis ɗin. Ki zubar, ki sake sabon kwaɓi yau, ki yi ado gobe da safe, su kwana gaban fanka.