Makin jirgi ba zai kawo ka gida kyauta ba, amma kada ka bar naka a ƙasa

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙonka ya iso, ina taya ka murnar samun gurbin karatu, Allah ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ka ce ka ga wani a intanet yana bugun ƙirji cewa da makin da kamfanonin jirage ke ba fasinja yake zuwa gida duk shekara bai biya ko sisi ba. Ka kuma ce wani kamfani yana garaɓasar ninka maki ga duk wanda ya sayi tikiti cikin watan nan, sai dai tikitinsa ya fi na wani kamfanin tsada da kusan dala 120, kana tambaya ko ka ƙara kuɗin ka saya.

Kada ka ƙara. In dai nauyin kayan da za su ɗaukar maka ɗaya ne, kuma zaman jiran canjin jirgi bai yi muni ba, sayi mai arahar. Amma kafin ka taka matakalar jirgin, ka tabbata ka buɗe asusun maki, domin kyauta ake buɗe shi, kuma tafiyar da za ka yi yanzu tana cikin mafi tsawo da za ka yi a shekara.

Ga lissafin da ya sa na ce haka. A da, nisan tafiya ake aunawa: ka yi mil 5,000 a sama, a zuba maka maki 5,000. Manyan kamfanoni da yawa sun bar wannan tsarin. Delta da United sun koma lissafi da kuɗin tikiti a 2015, American ta bi su a 2016, shirin Flying Blue na Air France da KLM da shirin Miles & More na Lufthansa suka bi a 2018, British Airways kuma a 2023. A Flying Blue, sabon shiga yana samun maki 4 a kan kowane yuro ɗaya, ban da harajin gwamnati da ke cikin tikitin. A ce tikitinka na yuro 800 ne, 650 daga ciki ne ake lissafawa, ka tashi da maki 2,600. Masu bin diddigin harkar suna kimanta maki ɗaya a kan santi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ke nan abin da ka samu bai kai yuro 40 ba. A ninka maka shi, ƙarin da ka samu bai kai sulusin dala 120 ɗin da ka ƙara ba. Kamfanonin da har yanzu suke auna nisa su ma ba cikakke suke bayarwa ba. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna matakin farashinsa, kuma harafin tikiti mai rahusa yakan kawo rabin nisan ne, ko rubu'i, wani ma babu komai. Mafi arahar tikitin Delta, alal misali, ba ya kawo maki ko ɗaya.

Tikitin zuwa da dawowa tsakanin nahiyoyi kuwa, dubun dubatar maki ake nema. Ɗalibin da ke tafiya sau ɗaya a shekara zai iya gama digirinsa bai tara na zuwa da dawowa ba. Shi wancan da ka gani a intanet mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, amma bai gaya maka inda makinsa ke fitowa ba. Galibin irinsu ko dai wurin aikinsu ke biya musu tikiti kowane wata su kuma su kwashi makin, ko kuma suna kashe maƙudan kuɗi da katin bashi na banki.

Wannan na biyun shi ne zuciyar harkar a yau. Lokacin da American Airlines ta ƙaddamar da AAdvantage a 1981, manufar ita ce fasinja ya riƙa dawowa wurinta. Yanzu kamfanonin sayar da makin suke yi ga bankuna, bankunan su raba wa masu katinsu. Kasuwar ta girma har ta kai a 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, United ta jinginar da shirinta na maki ta ci bashin dala biliyan 6.8, Delta ta jinginar da nata ta karɓi biliyan 9. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, maki kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, shi ke yanke darajarsa, kuma yana iya wayar gari ya ce kujerar da ake bayarwa a kan 40,000 ta koma 55,000, babu wanda za ka kai wa ƙara. Don haka ba abin ajiya ba ne na shekara da shekaru.

Katin bashin nan, ina roƙonka ka bar shi a shekarunka na farko. Za a ce maka ka buɗe kati a ba ka maki 50,000 ko fiye, da sharaɗin ka kashe dala dubbai cikin wata uku. Ɗalibi ba shi da hidimar da ta kai haka, sai ya fara ƙirƙiro sayayya don ya cika sharaɗi. In wata ya ƙare bai biya duka ba, kuɗin ruwa ya hau, kuma a Amurka ruwan irin wannan kati ya haura kashi 20 cikin 100 a shekarun nan. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ga kuma maganar riba, wadda ka san matsayinta a wurinmu ba sai na faɗa maka ba. Na ga yaran da suka zo da ƙwazo, bashin kati ya sa suka koma aikin dare, karatun ya tafi. Abin yana ci mini rai har yanzu.

To, me za ka yi? Zaɓi gida ɗaya ka riƙa tarawa a ciki. Manyan kamfanonin duniya sun kasu ƙawance uku. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, a ciki akwai Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa da United da Air Canada. Akwai Oneworld ta 1999, mai British Airways da Qatar Airways da Royal Air Maroc da American. Sai SkyTeam ta 2000, mai Air France da KLM da Delta da Kenya Airways da Saudia. Emirates ba ta cikin ko ɗaya, nata shirin Skywards take yi da abokan hulɗarta. Amfanin sanin wannan shi ne, in ka hau jirgin Habasha bana, baɗi ka hau na Turkiyya, ba sai ka buɗe asusu biyu ba. Lamba ɗaya za ka bayar a duka biyun, makin ya taru wuri guda. Mutanenmu da yawa suna da asusu huɗu ko biyar, kowanne da ɗan maki 3,000 da ba ya sayen komai, har wa'adinsu ya cika su ɓace. Duba kamfanonin da suka fi zirga-zirga tsakanin gida da garin makarantarka, ka ga ƙawancen da ya fi yawa a cikinsu, ka tsaya a nan.

Wajen rajista, rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Wanda fasfonsa ya ce Muhammad ya rubuta Mohammed a asusu, kwamfuta ba za ta gane mutum ɗaya ba ne, makin ba zai shiga ba. In ta hannun ejan ka sayi tikitin, ba shi lambar ya saka, sannan ka sake dubawa a wurin auna kaya, ka ga ta fito a jikin katin shiga jirgi. Katin nan kada ka yar da shi sai ka ga makin a asusunka. In bai shiga ba ana iya nema daga baya, yawanci cikin wata shida, amma sai da lambar tikiti da katin.

Ita garaɓasa ba duka ce yaudara ba. Ma'aunina ɗaya ne: da babu garaɓasar, zan kashe kuɗin nan? In amsar e ce, to ƙarin makin riba ce tsantsa. Sai ka lura, yawancinsu sai ka shiga shafin kamfanin ka danna rajistar garaɓasar kafin ka sayi tikiti, wanda ya saya kafin ya yi rajista ya rasa. Ka karanta ƙananan rubutun ƙasa, a nan ake faɗin harafin tikitin da abin ya shafa da ranakun tafiya. Duk wanda ya daɗe a harkar ya san labarin David Phillips, wani injiniya a Kalifoniya. A 1999 kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi alkawarin maki ga wanda ya aiko da tambarin kayansa. Mutumin ya lissafa ya ga ɗan kofin kayan zaƙi na santi 25 yana kawo maki 100, sai ya sayi kofi 12,150 a kan dala dubu uku da 'yan kai, ya ba wata ƙungiyar agaji abincin, ya tashi da maki sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ana yawan ba da labarin don a zuga mutane, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne mutumin ya zauna da alƙalami kafin ya fitar da sisi, kuma kuɗin da ya sa ba kuɗin hayar ɗakinsa ba ne. Kamfanoni ma sun koyi darasi, irin wannan ɓaraka ba ta cika faruwa yanzu ba.

Tallan "sayi maki a ƙara maka kashi 100" kuwa, wuri ɗaya yake da amfani: ka riga ka ga kujerar da kake so a buɗe, makinka ya gaza da kaɗan, ka cike giɓin ka kama ta a ranar. Saye don ajiya asara ce.

Garaɓasar da ta fi dacewa da kai ma ba ta maki ba ce. Qatar Airways tana da Student Club na ɗalibai, Emirates da Turkish Airlines su ma suna yi wa ɗalibi rangwame da ƙarin nauyin kaya in ya nuna shaidar makaranta. Wanda zai ƙaura da akwatunansa, ƙarin kilo 10 ko jaka guda ya fi masa makin tafiyar gaba ɗaya daraja, don kuɗin jaka ta uku a filin jirgi yana da zafi. Takardar gurbinka tana hannu, ka duba wannan tun kafin ka biya.

Sai batun wa'adi, wanda a nan ne ɗalibai suka fi yin asara. Makin British Airways, wato Avios, yana mutuwa in asusu ya yi wata 36 babu motsi, kuma ɗan motsi kaɗan yana sabunta shi. Na Miles & More yana mutuwa wata 36 bayan samunsa ga mai asusu na gama-gari, ko da yana ta tafiya. Na Emirates ma kusan shekara uku yake yi. Na Delta da na United ba sa mutuwa. Dokokin suna sauyawa, don haka ranar da ka buɗe asusu ka karanta ta naka shirin, ka sa wa wayarka tunatarwa.

Ranar kashe makin kuma, kada ka zaci za ka tashi hannu rabbana ba ka biya komai ba. Harajin filayen jirgi yana kanka, wasu kamfanonin kuma suna ɗora wani ƙarin kuɗi nasu da a tafiya mai nisa yakan kai ɗaruruwan daloli. Kafin ka danna, cire wannan kuɗin daga farashin tikitin tsabar kuɗi, ka raba ragowar da yawan makin da ake nema. In maki ɗaya bai kai santi ɗaya ba, biya da kuɗi ka bar makinka. Kujerun da ake warewa masu maki ba su da yawa, a lokacin hutun ƙarshen shekara da na bazara sukan ƙare tun da wuri, domin ana buɗe su ne kusan wata goma sha ɗaya kafin ranar tashi. Flying Blue tana fitar da jerin hanyoyin da ta rage wa maki duk farkon wata, yana da kyau ka riƙa leƙawa. Ka kuma duba inda tikitin zai yada da kai. Mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar yada zango a filayen jirgin ƙasashen Turai na yankin Shengen, sai in yana riƙe da abin da ya ɗauke masa ita, kamar biza mai rai ta Amurka ko Kanada. Kwamfutar da ta ba ka kujerar ba za ta tambaye ka wannan ba, ma'aikacin da ke bakin ƙofa shi zai tambaya.

Inda na ga maki ya fi yi wa mazaunin waje rana shi ne tikitin hanya ɗaya na gaggawa. Tikitin tsaba na tafiya gobe ko jibi yakan ninka farashinsa, kuma na hanya ɗaya sau da yawa ya fi rabin na zuwa da dawowa nesa ba kusa ba. Da maki kuwa, hanya ɗaya galibi rabi ce, kuma in akwai kujera a buɗe, a shirye-shiryen da ke da tsayayyen farashi kusantowar rana ba ta sauya adadin. Duk wanda ya zauna nesa da iyayensa ya san akwai kiran wayar da ke zuwa cikin dare, Allah ya sa mu ji alheri. A irin wannan rana, makin hanya ɗaya da ke zaune a asusu ya fi ƙarfin santi ɗaya da ake kimanta shi. Wannan shi ne burin da ya dace da ɗalibi, kuma ana iya kai masa cikin 'yan shekaru, musamman da yake wasu shirye-shiryen, irin na Emirates da British Airways da Flying Blue, suna barin iyali su haɗa makinsu a tukunya ɗaya bisa sharuɗɗansu.

Za ka haɗu da masu cewa za su yanka maka tikiti da makin wani a rabin farashi. Guje su. Sayar da maki ya saɓa wa dokar kusan kowane kamfani, wani lokacin ma daga asusun da aka yi wa kutse ake sato shi, kuma in aka gano, soke tikitin ake yi ko da kana filin jirgi da kayanka. Naka asusun ma ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, kuma kada ka ɗora hoton katin shiga jirginka a Facebook ko WhatsApp, domin sunanka da lambar tafiyarka duk suna jikinsa.

Turo mini bayanin tikitocin nan biyu: sunan kamfani, harafin farashi, jaka nawa da kilo nawa, inda za a yada zango da awa nawa, da kuɗin sauya rana in biza ta yi jinkiri, don wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a halin da kake ciki. Zan duba in gaya maka wanda za ka ɗauka da shirin da za ka yi rajista. Ka gaida su Baba da Inna, ka ce ina neman addu'a.