In sayi SPSS ko in biya kuɗin bita?

Tambaya: Ina digiri na biyu. Kwas ɗin dabarun bincike na ci shi, amma gaskiya hadda na yi. Yanzu aikin kundi ya taso, ban san ta inda zan kama ba. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su iya: in sayi lasisin SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ko in shiga bitar kwana uku ta nazarin alƙaluma? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Ba ke kaɗai ba ce. Ɗalibai da yawa kallon shinge suke yi wa wannan kwas, a tsallake a wuce, sai an zo babi na uku na kundi, wato na dabarun bincike, ido ya raina fata.

Batun manhaja mai sauƙi ne. SPSS tsohon hannu ne, tun 1968 ake aiki da shi, kamfanin IBM ya saye shi a 2009, kuma lasisin ɗalibai na wa'adi ne, yana iya ƙarewa kafin ki kare kundinki. Ki fara tambaya a sashenku, wataƙila jami'a ta riga ta biya. In babu, ga JASP da jamovi, kyauta ne, dannawa ake yi kamar SPSS, kuma a kan R, wani harshen kwamfuta na nazarin alƙaluma, aka gina su. Shi R ɗin kansa kyauta ne, sai dai yana son haƙuri, don rubuta masa umarni ake yi.

Bitar ce ke buƙatar lura. Yawancin irinta inda za a danna suke koyarwa, alhali matsalarki ta riga dannawa. Mece ce tambayar bincikenki? Wa za ki tambaya, mutum nawa, ta yaya za ki zaɓo su? In takardar tambayoyi ta karkace tun farko, babu manhajar da za ta miƙe ta. Hasali ma, in hira za ki yi da mutane ki nazarci kalamansu, SPSS ba shi da aikin yi a wurinki.

Saboda haka ki rubuta tambayarki da tsarin tattara bayanai a shafi ɗaya, ki kai wa malamin da ke duba aikinki. Adadin mutanen kuwa, manhajar G*Power za ta taimaka miki ki lissafa, ita ma kyauta. In bayan haka kina son bitar, ki tambayi masu shiryawa ko za a bari ki zo da naki bayanan a yi aiki a kansu. In suka ce a'a, ki nemi wata.