Tambaya da Amsa: Zan iya cire wayoyin silo daga tsohon injin dizal?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na samu injin Marsandi OM603 mai silinda 6, na cikin V-boot, zan ɗora shi a wata tsohuwar jif da injinta ya mutu. To akwai wani abu mai soket a bayan famfon injekta, wayarsa na tafiya wani ɗan akwati, mai wayarin yace shi ne ke riƙe silo. Ni kuma bana son tarkacen wayoyin nan wallahi. In na cire injin zai tashi kuwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zai tashi, zai kuma ja mota lafiya lau, don famfon Bosch ɗin da ke jikin injin nan na ƙarfe ne zalla, wata na'ura da ke cikinsa da ake kira gwamna ita ke raba mai, ba kwamfuta ba. Abin da ka gani sunansa ELR, wato mai daidaita silo da lantarki, maganaɗisu ne kawai, akwatin yana karanta gudun injin daga wata sensa da ke kallon haƙoran fulawil, yana duba zafin ruwa, in yaga silo zai faɗi sai ya tura wuta maganaɗisun ya ɗan ƙara mai. Iyakar aikinsa kenan, da ka taka totur ya gama nasa.

Matsalar tana wajen tsayuwa. Da ELR silon OM603 na zama wajen juyi 630 a minti, kana zare soket zai sauko ƙasa da haka, injin ya kama rawa musamman da safe yana sanyi, ko ka kunna esi, ko ka sa giya in otomatik ce, wani lokacin ma ya mutu maka a tsakiyar hanya. Don haka sai ka ɗaga silon da hannu. Akwai sukuru da noti mai kulle shi a bayan famfon kusa da maganaɗisun, ka bari injin yayi zafi sosai tukuna, ka zare soket, ka sassauta notin ka riƙa juyawa kaɗan kaɗan har ya zauna wajen 700 zuwa 750, ka kunna esi da fitilu kaga ko zai riƙe, sannan ka ɗaure. Ka nemi mitar auna gudu, kunne yana yaudara. Kuma dan Allah kar a ja wayar totur don a ɗaga silo, gyaran ganganci ne, kar kuma a taɓa sukurun da ke ƙayyade yawan mai, wannan aikin mai injekta ne a kan benci.

Abin da nafi so ka riƙe shi ne ka bar maganaɗisun a maƙale a inda yake. Man injin ne ke zagaya cikin famfon, in ka kwance shi ka bar rami mai zai zuba ƙura ta shiga, ka lalata famfo mai kyau a banza. In yana tsatsafo canza robar kawai.

Abu biyu da masu sauya inji ke mantawa. A wasu motocin agogon gudun inji ta akwatin nan yake samun sigina, to zai mutu sai ka nema masa wata hanya. Sannan injin nan ba wuta ke kashe shi ba, iskar bakum ce ke jan wani abu a famfon idan ka murɗa makulli, in baka haɗa tiyon bakum ɗin ba zaka zare makulli injin na ci gaba da aiki, sai ka danna ƙarfen STOP da ke jikin famfon. Ranar tayarwa ta farko kuma ka aje katako kusa wanda zai toshe bakin iska ko da injin zai ɓalle da gudu.

Ni dai in kana da akwatin da sensar kuma giyar otomatik zaka sa ga esi, ka haɗa shi, wayoyin basu da yawa. In giyar hannu ce kuma motar aiki ce, cire wayoyin abinka, ka dai bar maganaɗisun.