Mitar suga da sakamakon lab sun sha bamban, wanne za a bi?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman a nan Katsina, mitar da ake huda yatsa ta nuna 7.5, lab kuma ya ba da 5.8, kina tambayar wanne ne gaskiya.

Na daɗe ina aikin jinya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ita mitar nan don mai ciwon suga da bai kwanta ciwo ba aka yi ta, shi ma ƙa'idar ISO (hukumar tsara ma'aunin ingancin kaya ta duniya) ta 2013 ta yarda mata da kuskuren kashi 15 cikin 100. Wanda ciwo ya kayar kuwa, hawan jininsa ya faɗi, yatsu sun yi sanyi ko sun kumbura, ko ana ba shi noradrenaline (maganin ɗaga hawan jini), jinin yatsarsa ba ya nuna abin da ke gudana a jijiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarancin jini. Idan jini ya yi ƙasa, yawancin mitoci sukan ɗaga lamba sama da gaskiya. Ki duba damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje: jini ya yi ƙasa, suga ya faɗi, mita kuma ta ce lafiya lau. Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba zai ce yana jin jiri ba. A ƙara masa insulin a kan wannan lamba, ai an shiga uku. Shi ya sa tun bayan binciken NICE-SUGAR na 2009, wanda aka yi a kan majinyatan ɗakin kulawa ta musamman, aka daina matse suga sosai ga irin waɗannan majinyata, ana barinsa tsakanin 7.8 da 10 a ma'aunin mmol/L.

Ga kuma zafinmu. Yawancin tsinken gwaji ba a son ajiye shi inda zafi ya haura digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu sai mu wuce 40.

Amma lab ma ba a rufe ido a bi shi. Jinin da ya jima a ajiye, musamman ba a kwalba mai murfi ruwan toka (wadda ake ɗibar jinin gwajin suga a ciki) ba, sugansa raguwa yake yi.

Ki roƙi likitansa cikin ladabi a sake ɗibar jini ta jijiya, ba a hannun da ake ƙarin ruwa ba, a kai lab nan take, sannan a duba PCV ɗinsa, wato gwajin da ke nuna ko yana da ƙarancin jini.