Gonar haya a Ingila, amsar tambayar Yaya

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya gona, ya kuma zafi, na ji ance bana abin ba sauƙi. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, wanda ka turo bayan ka ga hoton da maman yara ta ɗora na tagar falonmu cike da kofunan yogot da tsiron tumatir, kake cewa wai ko talauci ne ya kai mu ga noma a cikin ɗaki, kuma ina ita gonar da nake ta cika baki da ita tunda ga shukar nan a kan taga. Wallahi na yi dariya har yara suka leƙo. Bari in zauna in rubuto maka da kyau don saƙon murya ba zai ɗauke ba.

Gonar dai akwai ta, amma in ka ganta kai za ka ce gayauna ce, gayaunar ma ta ƙaramin yaro. Su nan alotmen suke ce mata. Fili ne babba na ƙaramar hukuma, wato kansul, an zagaye shi da waya an sa ƙofa da kwaɗo, an yayyanka shi gida-gida ana ba mutanen unguwa haya shekara-shekara. Cikakken kaso ɗaya murabba'in mita 250 ne ko kusa da haka, kaga sai ka haɗa 40 kafin ka tada hekta ɗaya, kuma ni rabi ma aka ba ni don yanzu sababbin shiga yawanci rabi ake ba su. Kuɗin hayar ba wani abu ba ne, abin da nake biya a shekara bai kai cefanen gidanmu na sati biyu ba, wahalar tana wajen samu. Suna ake rubutawa a shiga layi, ni na shekara biyu da 'yan watanni ina jira a nan Bamingham, garin da yake da irin waɗannan filaye sama da 100, a Landan kuwa akwai unguwannin da mutum zai shekara goma ba a kira shi ba.

Kuma abin ba jiya aka fara ba, tun 1908 suke da dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da filin in mutane sun nema. Lokacin yaƙin duniya na biyu da jiragen ruwan da ke kawo musu abinci suka riƙa nutsewa a teku sai gwamnati ta ce kowa ya ɗau shebur, aka nome filayen wasa da wuraren shaƙatawa, zuwa 1943 irin waɗannan gonaki sun kai wajen miliyan 1.4. Tsofaffin da ke filinmu iyayensu ne suka yi wannan noman, shi ya sa suke riƙe da abin kamar gado.

Ranar da aka ba ni makulli na je da zumuɗina, na tarar da daji. Wanda ya riƙe wurin kafin ni ya tsufa ya daina zuwa, ƙaya ta rufe rabi, wata irin ƙaya mai yaɗo da take 'ya'ya baƙaƙe masu zaƙi, sauran rabin kuma wata ciyawa ce 'yar uwar ƙiri-ƙiri, saiwarta fara tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, in ka sare ta gida goma to ka shuka goma. Ni kuma da hankalin gida na ce a kawo ashana mu ƙone sassabe mu huta. Sakataren filin, wani dattijo Bature, ya ce a'a, wuta tana da watanninta da ƙa'idarta, maƙwabta za su kai ƙara saboda hayaƙi. Shi ya ce min kar in yi gigin gyara duka a shekara ɗaya, in share kwata in shuka, sauran in rufe. Na bi shaguna na roƙo kwalaye, na ɓare salatif ɗin jiki, na shimfiɗa su a kan ciyawar na zuba taki a kai, wani ɓangaren kuma na lulluɓe da baƙar leda na danne da bulo. Ciyawa in ba ta ga rana ba mutuwa take, kwalin kuma ya ruɓe ya zama ƙasa. Na san za ka ce wannan noman ragwaye ne, to ka zo ka gwada fartanya a laka mai danƙo cikin watan Fabrairu hannunka na daskarewa, sai mu yi magana.

To yanzu batun taga, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ku a gida ruwa kuke jira, mu a nan ruwa har ya ishe mu, sanyi muke jira ya tafi. Akwai wata raɓa da take sauka da dare ta daskare, da safe ka ga ciyawa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, duk wani tsiro ɗan ƙasar zafi in ta taɓa shi ya gama yawo. A yankinmu sai tsakiyar Mayu ake sakin jiki da ita, wasu ma sai ƙarshen wata, kuma tana iya dawowa a Oktoba. Lissafa ka gani, wata biyar ke nan da ƙyar, attaruhu kuwa kafin ya tsiro ya girma ya yi fure ya nuna ja yana son fiye da haka. Dole a sato masa lokaci, shi ne ake fara renonsa a cikin gida inda akwai hita. Abin da kuke yi ne a bedi kafin dashe a noman rani, sai dai mu bedinmu yana falo, kusa da talabijin.

Attaruhu da tattasai nake fara sawa, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, don su ne masu nawa, iri sai ya yi sati biyu ko uku bai leƙo ba, kuma yana son ɗumi kamar digiri 25. Akwai ɗan faranti mai murfi da ake jonawa a wuta yana ɗumama ƙasar daga ƙasa, na saya bayan shekarar farko, kafin nan a kan firji nake ɗorawa in rufe da ledar burodi. Tumatir sai Maris. Kabewa da masara da wake sai Afrilu don su da sauri suke, in ka riga ka sa su za su cika maka gida kafin waje ya yi daɗi. Ƙasar renon ma saye ake a buhu, mai laushi, ba a ɗebo ta gona don tana zuwa da ƙwari da irin ciyawa. Mazubi kuwa ba ma saye, kofin yogot a huda gindinsa da ƙusa, robar da ake sayar da inabi a ciki, har kwalin tsakiyar takardar banɗaki muna tarawa don wake da masara masu doguwar saiwa, a dasa su da kwalin gaba ɗaya. Dankalin turawa shi a kiret ɗin ƙwai ake jera shi a wuri mai haske da sanyi-sanyi ya fara tsiro kafin a binne.

Babbar matsalar taga haske ne. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, a Fabrairu ma hasken ba ƙarfi, sai tsiron ya riƙa miƙa wuya yana neman rana, ya yi tsawo siriri fari kamar zare, ya kwanta. Shekarar farko duk haka nawa suka yi saboda gaggawa, na sa tumatir tun Janairu. Yanzu nakan naɗe kwali da takardar azurfar nan ta gashin kifi in jingina a bayansu ta maido musu haske, kuma kullum da safe kafin in fita aiki sai na juya kofunan. Sai ruwa, nan ma hannunmu na 'yan gida yana cutar mu, mun saba ban ruwa safe da yamma, a nan in ka yi haka gindin tsiron ya ruɓe ya faɗi dare ɗaya. Yatsa nake sawa in ji, in da danshi in ƙyale. In sun yi ganye na gaskiya sai a raba su kowa da kofinsa, a ganye ake riƙewa ba a kara ba, tumatir kuma a nutsa shi har wuya don jikin karan saiwa yake fitarwa.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne na Afrilun shekarar farko. Aka yi sati guda ana rana mai daɗi, Turawa duk sun tuɓe riguna, na ce ai shi ke nan damina ta kama, na kwashi tumatir 24 da na yi wata da watanni ina lallaɓawa na kai gona na dasa ranar Asabar. Maƙwabcina wani tsoho ɗan Jamaika yana zaune a bakin rumfarsa da kofin shayi yana kallona, ya ce ɗan uwa ka yi sauri, na ce masa ni ɗan manoma ne. Talata da asuba na fito na ga gilashin mota ya daskare sai gabana ya faɗi. Da na je bayan aiki duk sun yi baƙi sun lanƙwashe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, ko ɗaya bai tsira ba. Tsohon nan bai ce min komai ba, bayan sati uku na tarar da kofuna shida a bakin kasona. Shi ya koya min cewa ko lokaci ya yi ba a fitar da tsiro kai tsaye, sai an saba masa, a fitar da shi da rana a shigo da shi da dare kamar kwana goma, kamar dai yadda mu ma aka yi da mu da muka zo.

Ka tambaya ko kayan gida suna yi. Wasu. Alayyahu yana yi sosai, 'yan Jamaika kalalu suke ce masa, in ya zubar da iri ma baɗi da kansa yake fitowa. Kabewa tana yi har ta gundure ka, masara tana yi in ka shuka ta a dunƙule ba a layi ɗaya ba don iska ce ke haɗa ta. Yakuwa ganye kawai muke samu, zoɓon ba ya kaiwa, don ita sai rana ta fara gajarta take fure, lokacin kuma sanyi ya iso. Kuɓewa sai a ɗakin gilashi ko rumfar leda, na jiƙa irin kwana guda na yi mata duk gatan duniya, bara na tsinki guda 11, maman yara ta ce a sa su a firem a rataye. Gero da dawa kar ma ka tambaya. Tafarnuwa kuwa ita sanyin take so, a Oktoba ko Nuwamba ake binne ta ta kwana a ƙasa duk hunturu. Akwai 'yan Bangaladash a can ƙarshen filin da suke noma duma a kan rumfa, irin dumanmu na ƙwarya, amma su tun yana ɗanye suke yankawa su yi miya, ranar da na gaya wa matar cewa mu bushewa muke bari ya yi mu sha fura a ciki ta riƙe baki.

Maƙiyinmu a nan ba fara ba ne ba kuma akuyar maƙwabci ba, wani dodon koɗi ne mara kwanso, da dare yake fitowa in an yi ruwa, ya cinye layin latas kaf ya bar maka yauƙi. An hana sayar da tsohon maganinsa tun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya, akwai wani da aka yarda da shi, amma ni da tocila nake zuwa bayan magariba in tsince su a bokiti. Shi ma wani dalili ne na renon gida, tsiron da ya yi ƙwari kafin a dasa ya fi tsira. Sai tattabarun daji masu cin kabeji, dole a sa raga.

Maganar riba da ka kawo, babu ita Yaya, doka ma ba ta yarda ka mai da wurin kasuwanci ba, na ci ne da kyauta. In ka bar shi ya koma daji kwamiti zai zagayo a rubuto maka takardar gargaɗi, in ba ka gyara ba a karɓe a ba na bayanka a layi. Kaji ana iya ajiyewa a wurare da yawa amma ban da zakara saboda cara, don haka zancen in ɗaure ragon layya a can da ka yi, ka bar shi. Mu Hausawan nan da muke da kaso ba mu da yawa, amma muna da guruf a WhatsApp, kowa ya san ba a shuka iri daidai buƙata, kullum sai ya yi yawa, to daga ƙarshen Afrilu in an sauko daga Juma'a sai ka ga an buɗe but ɗin motoci a bakin masallaci, wannan ya ba da tattasai ya karɓi gauta, matan da ke zaune a bene ba su da ko tsakar gida su karɓi alayyahu su sa a bokiti a baranda. Wanda aka ba sabon fili kuma mukan yi masa gayya ranar Lahadi, a zo da baro da manjagara da fulas ɗin shayi da ƙosai, yaran da aka haifa a nan su ga yadda ake tono dankali, don akwai ɗana ƙarami da ya ɗauka a kantin Tesco ake ƙera shi.

Irin rama da na yalo da ka ce za ka ba mai tahowa ya kawo min, dan Allah kar ka ba shi, ba a shigowa da irin shuka ƙasar nan haka kawai sai da takardar lafiyar tsiro, kar a tsare bawan Allah a filin jirgi a kan ƙullin leda. Akwai masu sayar da irin a nan da izini, zan nema. Ka dai turo min hoton bedinka na bana in nuna wa tsohon nan ɗan Jamaika, har yanzu bai yarda ana dasa tumatir a watan Nuwamba a sarari ba. A gaida Inna da su Hajiya.